Babu Ja

A wurin aiki Ido-Uku suke ce mata, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba, don sunan ya zauna mata daram. Biyu Allah ne ya ba ta, na ukun kamfani ne ya saya: wata kyamara baƙa mai ratsin rawaya, mai mariƙi kamar na injin huda bango, wadda ba ruwanta da kyan fuska ko launin riga, zafi kawai take gani. Aikinta yawo ne daga wannan masana'anta zuwa waccan. A buɗe mata akwatunan wuta, ta ja baya taku biyu, ta saita kyamarar. Duk inda waya ta yi sako-sako, ko fis ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa, sai wurin ya fito ja a kan allon tun kafin hanci ya ji ƙauri. Ta ɗauki hoto, ta rubuta rahoto, a gyara. Shekara tara tana yin haka, har idonta ya saba. In ta ɗaga kyamara ja take nema, sauran launukan ba sa gabanta.

Gadon sana'ar ta yi. Mahaifinta ya shekara arba'in yana gyaran wuta da testa da filaya da salatif, kuma a wurinsa duk na'urar da aka ƙirƙiro bayan ya ajiye aiki ragwanci ce kawai aka yi wa fenti. "Mu da bayan hannu muke ji," haka yake cewa, yana juya mata hannunsa mai tabon ƙuna. Yana kiranta Uwata, yana ji da ita, amma bai taɓa ko taɓa kyamarar ba. Wannan abu yana ci mata rai fiye da yadda take yarda.

Tun rasuwar mahaifiyarsu Baba yake zaune shi kaɗai a hawa na biyu, ɗaki biyu da ƙaramin kicin. Ita da yayarta, wadda malamar makaranta ce, suke zuwa duba shi, kowa da ranakunta. Yana da ciwon suga shekara goma sha biyu, yana kuma yi masa irin zaman da ake yi da maƙwabcin da aka yi faɗa da shi, an san yana nan amma ba a ambatonsa. Sai ga ƙafar hagu ta fara ba shi matsala. In ya fita zuwa bencin da tsofaffin abokansa suke zama a bakin layi, sai sharaɓarsa ta ɗaure, ya tsaya sau uku a hanya yana yin kamar allon shago yake karantawa. Yaya ta gano shi. Ta sa shi a gaba da maganar asibiti, shi kuma ya kafe. Asibiti a wurinsa wuri ne da matarsa ta shiga da ƙafarta aka fito da ita a ɗauke, kuma ba ya neman wani bayani bayan wannan.

Wata Asabar da hantsi Ido-Uku ta biyo daga wani aiki da jakar kyamarar a kafaɗa, ta tarar da su ana fafatawa.

"Baba, minti talatin ne fa," in ji Yaya. "A duba, a ce ba komai, mu dawo. Ni zan tuƙa ka."

"Ke dai kin saba ba yara umarni, sai ki ga kowa ɗan aji uku ne." Ya juya ya ga ƙaramar tasa ta shigo, ya sami mafita. "Yauwa, Uwata, zo nan. Fito da wannan madubin naki ki faɗa mini, me yake gani wanda ni ban gani ba?"

Ta tsaya tana kallonsa, don ba ta taɓa jin ya tambaya ba. Ta zauna a hannun kujera ta buɗe jakar. Ta yi masa bayani a hankali, cewa duk abin da yake da ɗumi yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya kamawa, infared ake ce masa, ma'anarsa abin da yake ƙasa da ja. Ta ce shi ne rimot ɗin talabijin yake aikawa in an danna. Ta ce har na'urorin hangen taurari da ake harbawa sama da shi suke leƙa bayan ƙurar da ta rufe sararin samaniya, su ga taurarin da ake haifa a can.

"Ƙasa da ja," in ji Baba. "To ai mu ma a ƙasa muke."

Ta sa shi ya dafa bango, ya ƙirga biyar, ya ɗauke hannu. A kan allon hannun yana nan, yatsu biyar ruwan lemo, yana dusashewa a hankali. Baba ya yi dariya har da tari. Ya sa ta haska kofin shayinsa, ya sa ta haska bayan firji, ya sa ta haska fuskar Yaya, ya ce ga shi nan, kan malama ya fi tukunya zafi. Ita ma Yaya sai da ta murmusa.

Daga nan ya miƙe ƙafafunsa a kan tayil, ya zare silifas. "To duba mini wannan ƙafar da yayarki ta hana ni sakat a kanta."

Ta saita kyamarar. Ƙafar dama ta fito ruwan lemo har zuwa yatsu. Ta hagu daga idon sawu zuwa ƙasa shuɗiya ce, yatsun ma da ƙyar ake raba su da tayil. Idonta ya bi allon sama da ƙasa yana neman abin da ya saba nema, bai samu ba. Yatsanta ya danna maɓallin ɗaukar hoto, don ya saba da hakan.

"Babu ja, Baba," ta ce.

"Mu gani."

Ta miƙa masa. Wannan ne karo na farko da ya riƙe kyamarar. Ya matso da ita kusa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mata, ya dubi Yaya.

"Kin ji ko? Babu ja. Injiniya ce ta faɗa, da na'urar da ake hangen taurari."

"Wannan ta kayan wuta ce, ba likita ba ce," in ji Yaya. "Ke kuma kina biye masa."

"Ni wasa nake yi," in ji Ido-Uku.

Amma ba wasa ba ne gaba ɗaya, kuma ta sani. Daɗi ne ya cika ta. Shekara tara tana jiran ranar da tsohon nan zai yarda idonta na uku yana ganin wani abu, yau ga shi yana kafa hujja da shi a gaban Yaya, wadda tun suna yara komai nata ne daidai. Ta sauka matakalar benen ranar tana wasa da makullin mota.

Kalma biyun nan suka zama garkuwar Baba. Yaya ta ce asibiti, ya ce babu ja. Abokinsa tsohon direba ya hau bene ya tambayi me ya hana shi fitowa benci, ya ce ƙiwa ce kawai, an duba shi da na'ura, babu ja. Ya fara sa safa ko da rana ta take. Ya daina sauka gaba ɗaya. In an tambaye shi ƙafa sai ya ce zafi dai babu, kuma gaskiya ya faɗa, ƙafar ta daina jin komai. A bakin mutane zafi shi ne ciwo, sanyi shi ne sauƙi, don haka kowa ya ce to madalla. Yaya ta gaji ta rage magana. Ido-Uku kuwa tana zuwa Talata da Asabar, ta share ɗaki, ta jera masa magani, ta yi masa hira, ta tafi. Wata huɗu suka wuce a haka.

Wata Laraba da safe aka kira ta masana'antar kwali. Babban injin yanka yana gurnani, ƙarfinsa ya ragu, an rasa dalili. Manajan wurin mutum ne mai gajeren wuya da son magana, irin waɗanda suke tsayawa a bayan mai aiki suna numfashi a kunnensa. Aka buɗe akwatin wutar injin. Fis uku ne a jere, ɗaya ga kowane layi. A kan allo na dama ruwan lemo, na hagu ruwan lemo har ya doshi ja, na tsakiya shuɗi.

"To ga masu laifin nan," in ji manaja, yana nuna na gefe da biro. "Na tsakiyar dai lafiyarsa ƙalau, dubi yadda ya yi sanyi abinsa."

Ido-Uku ba ta da haƙuri da masu koya mata aikinta. "Ranka ya daɗe, ba haka ake karanta shi ba," ta ce. "Fis mai aiki dole ya yi ɗumi, don wuta tana bi ta cikinsa. In ka ga ɗaya ya yi sanyi shi kaɗai a cikin 'yan'uwansa, ba lafiya ba ce. Babu abin da yake wucewa ta cikinsa ne. Ya mutu, shi ya sa sauran biyun suke ɗaukar..."

Ta katse maganar. Ba kalmominta ba ne. Tana da shekara goma sha uku Baba ya faɗa mata su, a gaban wani akwatin wuta a gidan burodi, yana riƙe da hannunta yana matso da bayansa kusa da fis ɗaya bayan ɗaya.

"Suke ɗaukar me?" in ji manaja.

Ta jingina da bango ta fara komawa baya a cikin hotunan kyamarar. Akwatin wuta, injin, taransfoma, akwatin wuta, sama da hoto dubu. Sai ga fuskar Yaya, sai ga kofin shayi, sai ga ƙafafu biyu a kan tayil. Kyamarar ta rubuta lambobin ma'aunin zafi a gefe kamar yadda take yi kullum, talatin da ɗaya a dama, ashirin da huɗu a hagu. Da a jikin injin ta ga wannan bambanci da ta sa an kashe shi nan take.

Ta ce wa manaja a canza fis na tsakiya, rahoto zai biyo baya. Ba ta ma rufe jakar da kyau ba ta fita.

Rana tana tsaka ta hau benen. Tun daga ƙofa ta ji wani wari siriri a ƙarƙashin ƙamshin turaren da ya fesa, ta kuma tuna ta ji shi ranar Asabar, ta ɗora laifin a kan kwandon shara. Baba yana zaune da rediyo a cinya.

"Uwata? Yau Laraba ce fa. Korar ki aka yi?"

Ta durƙusa a gabansa ta kama ƙafar hagun.

"Ke, mene ne haka? Sake ni."

"Yi haƙuri, Baba."

Ya ja, ta riƙe. Ba ta taɓa saɓa masa da hannu ba sai ranar. Ta naɗe safar a hankali, don ta manne. Babban yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi sun ƙanƙance kamar wayar da ta ƙone, baƙin ya fara hawa bayan ƙafar. Ta ɗora bayan hannunta a kan idon sawun, yadda ya koya mata. Sanyi ƙalau, kamar ta taɓa ƙarfen ƙofa. Wata huɗu tana shiga ɗakin nan sau biyu a mako, tana goge tebur, tana gyara labule, ba ta taɓa kai hannu ga ƙafar mahaifinta ba. Ba a buƙatar kyamara don a ji wannan.

Baba ya kashe rediyon. Bai ce babu ja ba. Ta kira Yaya a waya, ta kira tsohon direban da wani maƙwabci, suka sauko da shi a kan kujera.

Likitan jijiyoyin jini mace ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da yawan magana. Ta shafa wani ruwa mai kauri a ƙafar dama, ta ɗora wata 'yar na'ura, sai ɗakin ya cika da ƙarar jini yana wucewa, fuu, fuu, ko da yake likitar ta ɗan yamutsa fuska da ta ji shi. Ta koma ta hagu. Ta matsa nan, ta matsa can, ta ƙara ruwan. Ba a ji komai ba sai shuuu na na'urar.

"Tun yaushe ƙafar take yin sanyi?" ta tambaya.

Baba ya kalli silin. Yaya ta kalli ƙanwarta, kallo ɗaya, ta ɗauke kai.

Likitar ta ce jijiyoyin da suke kai jini ƙasa sun toshe. Za su gwada buɗe hanya, su ba shi magani, su ga ko naman da ya rage zai farfaɗo. Ba ta yi alkawari ba. Da ta fito, Ido-Uku ta bi ta har bakin lif, ta ciro kyamarar ta nuna mata hoton.

"Wannan wata huɗu ke nan. Likita, don Allah ki faɗa mini. Da a lokacin muka kawo shi fa?"

Likitar ta sa tabarau ta duba kwanan watan. "Wannan na'urar ba ta gano cuta," ta ce. "Amma hoton nan ya isa ya sa a zo. Ba zan rantse miki cewa da mun ceci ƙafar ba. Abin da na sani, da muna da abubuwa da yawa da za mu gwada. Yanzu kaɗan suka rage."

Kwana tara aka yi ana gwada kaɗan ɗin. Kullum da safe nas takan zana layi da biro a inda baƙin ya tsaya, washegari a tarar ya tsallake layin. Ido-Uku ta ɗauki hutu, ta tare a kujerar roba a gefen gado. Ta so Yaya ta zage ta. Ta shirya wa zagin, har ta tanadi amsar da ba za ta bayar ba. Yaya ba ta zage ta ba. Sau ɗaya kawai, da ta same ta tana kuka a wurin wanke hannu, ta miƙa mata flas ta ce, "Share fuskarki, ki je ki ba shi ruwa, yana tambayarki." Wannan ya fi mata zagi ciwo.

A rana ta goma aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Benen ya gagare shi, don haka da aka sallame shi gidan Ido-Uku aka kawo shi, aka gyara masa ɗakin da yake kusa da falo. Mijinta ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Aka kwaso kayansa, rediyo, akwatin filaya da ya hana a bayar, da takalmansa, waɗanda wani ya jera su ƙafa bibbiyu a bayan ƙofa ba tare da tunani ba. Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daina tsokanar kowa. Yakan kai hannu ya sosa inda ƙafar take a da, ya tarar da zanin gado, ya janye hannun yana waige ko an gan shi.

Ta yi masa komai. Magani a kan lokaci, wankin ciwo, motsa gwiwa yadda aka koya mata. Abu ɗaya ta kasa, zama. Da ta gama sai ta sami wani aiki a kicin. Ta koma bakin aiki, amma duk akwatin da ta buɗe sai ta daɗe a kan shuɗin wurare har masu masana'anta su ƙosa. Hoton yana nan a cikin kyamarar. Ta kai yatsa kan maɓallin gogewa ya fi sau goma, ta fasa.

Wata Juma'a da la'asar, mako biyar bayan aikin, ta dawo ta tarar da shi a keken guragu a bakin taga. Ta tsaya a ƙofa da jakar a kafaɗa. Ta ga in ba yau ba, haka za su ƙare, ita tana kawo ruwa shi yana cewa an gode. Ta shiga ta zauna a ƙasa a gabansa, ta kunna kyamarar, ta nemo hoton ta ɗora masa a cinya.

"Baba, ni na jawo maka. Dubi. A fili yake. Da fis ne da na gane tun daga ƙofa. Na ga shuɗi na ce maka babu ja, ka yarda da ni, ka ƙi zuwa asibiti. Ka yafe mini."

Ya ɗauki kyamarar ya duba, ba da daɗewa ba wannan karon. Ya ajiye ta a kan gado.

"Wa ya koya miki fis mai sanyi?"

"Kai ne."

"To kin ɗauka ni da na riƙe abin nan a hannuna ranar, ban ga abin da yake ciki ba?"

Ta ɗago kai.

"Tun kafin ki zo da madubinki nake jin ta da bayan hannuna," in ji Baba. "Kullum da safe. Dama ɗumi, hagu sanyi. Shekara arba'in ina wannan aiki, Uwata, na san layin da ya mutu."

"To me ya sa? Baba, me ya sa?"

"Tsoro." Ya faɗe shi a sauƙaƙe, yana kallon taga. "Na ga yadda aka yi da uwarku. Na ce gara in zauna a ɗakina. Amma yayarki ba ta barin mutum, kuma tana da gaskiya, na rasa abin da zan kare kaina da shi. Sai ga ki da na'ura. Na san ja kike nema. Na sha jin ki kina ba da labarin aikinki, ja kaza, ja kaza, ban taɓa jin kin ambaci wani launi ba. Na san abin da za ki ce tun kafin in zare silifas."

Ta zo ne da laifinta a hannu don ta miƙa, ta ɗauka in an karɓa za ta ji sauƙi. Ba ta ji ba. Ranar da ta fi kowace rana yi mata daɗi a shekara tara, ranar da ta sauka bene tana wasa da makulli, ashe ba yarda ya yi da idonta ba. Ya san inda idon yake da rauni ne, ya bi ta nan. Haushi ya taso mata, irin wanda ba ta taɓa ji game da shi ba. Ta dube shi don ta faɗa masa, sai ta ga ƙafar wandon da aka naɗe aka maƙale da fil, maganar ta koma.

"Ba ka kyauta mini ba, Baba," shi ne kawai abin da ya fito.

"Ban kyauta ba," ya ce. "Ke ma ba ki duba da kyau ba. Kowa ya riƙe nasa."

Mota ta wuce a layi. A kicin famfo yana ɗiga, ta daɗe tana cewa za ta gyara. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya zare safar ƙafar dama, ya ɗora ƙafar a kan tayil. Ta lura da yadda bayan hannunsa ya shafi yatsun kafin ya miƙe, shafa irin ta wanda ya saba.

"Duba mini wannan," ya ce. "Kwana huɗu ke nan ina jin wani abu. Wataƙila hannuna ne ya tsufa."

"Baba, ba aikin kyamarar ba ne. Likita ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Ke nake so ki faɗa mini."

Ta ɗauki kyamarar. Ta ja baya taku biyu a kan gwiwoyinta, ta saita. Idonta ya fara yawo a kan allon yana neman ja, har yanzu, bayan duk abin da ya faru. Ta kama shi tana yi, ta dawo da shi. Diddige ruwan lemo. Tsakiyar ƙafa ruwan lemo. Babban yatsa da biyun da suke biye da shi rawaya mai duhu. Ƙananan biyun na ƙarshe sun fara komawa launin tayil.

Ta sauke kyamarar. Ta matso ta ɗora bayan hannunta a kansu, ta ɗora a kan babban yatsan, ta sake komawa. Baba yana kallon fuskarta. Ta san abin da yake so ya ji, kalma biyu ne, kuma ba ƙarya ba ne in ta faɗe su.

"Ƙananan yatsu biyu sun fi sauran sanyi," ta ce. "Sosai."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ta fara tunanin ta inda za ta ɓullo masa in ya kafe.

"Ƙarfe nawa suke tashi a wurin likitar?"

"Shida."

"Kira yayarki ki ce ta same mu a can. Ɗauko mini takalmina."

Ta tashi ta je bayan ƙofa. Baƙaƙen da yake sawa in zai fita suna nan a jere, an goge su. Ta sunkuya ta ɗauko su da yatsu biyu kamar yadda take yi tun tana yarinya, har ta yi taku uku. Sannan ta tsaya, ta koma, ta ajiye na hagun a inda yake.